In sayar da kasona a Garwa in kwashe iyali zuwa Duwala?

*Assalamu alaikum, Yaya. Ni tela ne a Garwa, shekaruna 37, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ɗinkin maza nake yi, kaftani da babbar riga da aikin wuya. Kasuwarmu a nan sai da salla. In ta wuce sai zaman gyaran yage. Wani abokina da muka koyi ɗinki a shago ɗaya ya daɗe a Duwala, yana da rumfa kusa da Kasuwar Kongo, ya ce in zo mu haɗa ƙarfi. Na je wurinsa a watan Janairu, har ya kai ni Kiribi na ga teku, tun da na dawo kuwa zuciyata tana can. Ga 'yata ta biyu tana fama da asma, duk hunturu muna hanyar asibiti, zafin Maris da Afrilu kuma ya ishe ni. Tunanina in sayar wa yayana kasona na gidan gado, in sayi keken aiki na zamani, in kama haya, in kwashe iyali gaba ɗaya. Mahaifiyarmu ta tsufa, tana cikin gidan. Ba ta hana ni ba, abin da ta ce kawai shi ne, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Me ka gani?*

*Wani tela daga Garwa*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba yarinya lafiya, Ya ƙara wa Inna nisan kwana.

Tambaya ɗaya ka yi, amma abu uku ka haɗa a cikinta: tafiyarka, kwashe iyali, da sayar da kaso. Tafiyarka ina bayanka. Kwashe iyali ba yanzu ba. Sayar da kaso kuwa kada ka yi, kuma a kan wannan ne na fi son ka ji ni.

Ba zan rage wa Duwala darajarta don in tsorata ka ba. Gari ne na mutum sama da miliyan 3, ta tashar jirgin ruwansa mafi yawan kayan Kamaru ke shiga da fita, har da na Cadi da Afirka ta Tsakiya. Inda kuɗi ke juyawa haka, mai sana'ar hannu ba ya rasa abin yi. Ba kuma baƙon wuri za ka ba. Hausawa suna can tun zamanin Jamusawa, unguwar Nyu Bel da kewayen Kasuwar Kongo cike suke da mutanenmu, da masallatai da makarantun allo da masu tsire da masu shayi. Za ka ji kiran salla daga ɗakinka, za ka sami sahun jam'i, in ta Allah ta kasance akwai masu yi maka sutura. Neman arziki a nesa kuma ba abin kunya ba ne a wurinmu, kakanninmu da fatauci suka kafa zango-zango har bakin teku.

Ta fuskar sana'arka ma akwai gaskiya a maganar abokinka. A Garwa shekarar tela ta rataya ne a kan salla biyu da 'yan bukukuwa. A Duwala lokutan ɗinki sun fi haka yawa: komawa makaranta a Satumba, Kirsimeti da sabuwar shekara, bikin Ngondo na mutanen bakin ruwa a farkon Disamba, atamfar ranar mata ta 8 ga Maris, ga ankon bukukuwan mutuwa da mutanen kudu ke yi da rani, inda dangi guda kan ɗinka yadi ɗaya su da yawa. Sai dai ka lura, yawancin wannan aiki ɗinkin mata ne, irin su kaba, rigar nan mai faɗi ta matan Sawa, wato mutanen bakin ruwan. Kai kuma kaftani da babbar riga ka iya. Masu sa kayanka su ne 'yan arewa da Bamun da sauran Musulmi, kuma a kansu za ka tarar da teloli 'yan Senegal da Mali da Najeriya waɗanda suka riga ka kafa suna. Ba cewa nake ba za ka ci ba. Cewa nake kasuwar da ka gani da idonka ba duka ce taka ba, sai in ka yarda ka koyi sabon yanka a shekara 37, ko ka ɗauki wanda ya iya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka: watan da ka je. Wanda ya ga Duwala a Janairu kamar wanda ya ga amarya ranar biki ne. Disamba zuwa Fabrairu shi ne ɗan ranin da garin yake da shi, hanya a bushe, kaya na bushewa a igiya, teku a Kiribi ta yi kyau. Sauran shekara labari ne daban. Ruwan da ke sauka a Garwa a shekara bai wuce wajen milimita 1,000 ba. Na Duwala ya haura 3,500. Abin da ke zuba a Yuli da Agusta kaɗai ya fi na Garwa na shekara guda. Ba irin ruwanmu ba ne da hadari zai haɗo, a yi tsawa, a sheƙa na awa biyu, gari ya washe. Can sai a kwana a wuni ana yi, a ɗan tsagaita a ci gaba, mako ya zagayo ba ka ga rana sosai ba. Garin kuma shimfiɗe yake a bakin kogin Wuri, ƙasa-ƙasa, wurare da dama fadama ce aka cike aka yi gini. In ruwan sama ya haɗu da cikar teku, lambatu ba ya iya kwashewa. Unguwanni irin su Makepe Misoke da Mabanda da wasu sassan Nyu Bel sun saba da ruwa har cikin ɗaki. Kuma a irin waɗannan wurare ne haya take da sauƙi, wato nan ne sabon zuwa mai 'ya'ya huɗu yake faɗawa.

Ka ce zafi ya ishe ka. Na yarda, wanda bai yi Afrilu a Garwa ba bai san abin da ake nufi da digiri 40 da ɗoriya ba, balle in ya haɗu da azumi. Duwala ba ta kai nan, da wuya ta wuce 33 ko 34. Amma zafinta jiƙaƙƙe ne. Namu yana ƙona ka, ka shiga inuwar dalbejiya ka sha ruwan randa ka sami sa'ida, da dare ka fitar da tabarma tsakar gida. Nasu gumi ne da ba ya bushewa, ka yi wanka ka fito kana zufa, dare bai fi rana sanyi sosai ba, kwana a waje kuma babu shi saboda sauro da ruwa. Yara ƙanana sukan yi ta ƙurajen zafi a watannin farko. Akwai wanda jikinsa ke karɓa, akwai wanda har ya bar garin bai saba ba. Ba za ka san wanne ne kai ba sai ka zauna.

Laimar nan kuma har cikin shagonka za ta bi ka. Shaddar mutum mai tsada da ka ninke ka ajiye a kan kanta, in ta yi kwanaki ba a motsa ta ba sai ka ɗaga ka ga ɗige-ɗigen fumfuna, ga warin danshi da guga ba ta fitarwa. Farin yadi ya fi shan wahala. Sitaci ba ya bushewa da wuri, almakashi da allurai da cikin keke suna tsatsa in ba ka bi su da mai ba, takalmin fata da ka bari ƙarƙashin gado ya yi kore. Telolin can sun san dabarunsu, ba sa jingina kaya da bango, suna rufe yadi a leda, suna ɗaga komai daga ƙasa. Za ka koya. Amma gara ka koya da keken abokinka da aiki kaɗan, da ka koya da sabon keken da ka sayar da gadonka ka saya. Kasuwar Kongo ɗin ma ta sha gobara fiye da sau ɗaya, mutane sun wayi gari babu jari. Wanda yake da inda zai koma shi ne ya fi saurin miƙewa.

Maganar yarinya ita ce hujjarka mafi ƙarfi, ita ce kuma nake so ka bi a hankali. Gaskiya ne ƙurar hunturu tana tayar da asma, kuma hazo ba ya kai wa bakin teku da ƙarfin da yake mana. Akwai yaran da suka sami sauƙi da suka koma kudu. Amma asma ba ƙura kaɗai ke tayar da ita ba. Fumfunar bango, da ƙananan ƙwarin da ido ba ya gani masu zama a katifa da matashi, waɗanda danshi ne abincinsu, da hayaƙin motoci da na dubban baburan haya da ake kira bensikin, duk suna cikin manyan masu tayar da ita. Yaro na iya gudun ƙura ya faɗa wa abin da ya fi ta. Kafin ka gina ƙaura a kan ƙirjin yarinyar nan, ka kai ta wurin likita ka tambaye shi kai tsaye: me ya fi tayar mata, kuma tana samun maganin shaƙa na rigakafi na kullum, ko sai ciwon ya tashi ake ruga wa asibiti? Yara da yawa da ke kwana asibiti duk hunturu, abin da suka rasa ke nan, ba canjin gari ba. In an gyara wannan, wataƙila hunturu mai zuwa ya zo muku da sauƙi ko kuna Garwa. In kuma ana son a gwada, a kai ta hutun makaranta ta yi wata guda a can cikin damina, a ga yadda numfashinta zai yi. A gefen alheri, Duwala tana da manyan asibitoci irin su Lakintini da Babban Asibiti, da likitocin ƙirji da ba ko'ina ake samunsu ba. Wannan riba ce ta gaske, sai dai da kuɗi ake cin ta.

Ka sa zazzaɓin cizon sauro a lissafi. A arewa da damina yake zuwa, shi ya sa ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kariya a watannin ruwa. A bakin teku ba shi da lokaci, shekara duka ne. Gidan sauro ga kowane yaro wajibi ne, kuɗin magani kuma ya shiga kasafin kowane wata. Ruwan sha ma haka: rijiya a unguwar da ruwa ke kwanciya kusa da masai ba abin yarda ba ce, kwalara ta yi ɓarna a yankin bakin teku a 2022.

Akwai wadda ban ji muryarta a wasiƙarka ba, ita ce maiɗakinka. Ka faɗi abin da abokinka ya ce, ka faɗi abin da Inna ta ce, ita ba ka faɗi nata ba. Alhali kai za ka fita da safe ka wuni cikin 'yan'uwa ana hira da Hausa da Fulatanci, ita ce za ta zauna. Ka kwatanta mata gaskiyar wurin. A Garwa tana da tsakar gida, da zaure tsakaninta da titi, da inda za ta shanya tsaba ta hura wuta, da maƙwabtan da za ta miƙa wa yaro ta katanga. A gidan hayar Duwala mai sauƙin kuɗi, ɗaki ne da falo a jere da na wasu, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya da za ta bi layi da mazan da ba muharramanta ba, girki a baranda ruwa na feso mata. In ba ta jin Faransanci, ko cefane sai ya zame mata aiki, domin Fulatancin da ke buɗe kowace ƙofa daga Ngaundere zuwa Marwa ba ya aiki in an fita unguwannin 'yan arewa. In tana 'yar sana'arta ta cikin gida, ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa ko ɗanwake, masu sayenta da adashinta duk a Garwa za su tsaya. Dawa da gero da kuka da kuɓewa busasshiya ana samu, amma da tsadar mota a kansu. Abincin wurin rogo ne da agada da gwaza da miyar ganye da ake kira ndole da kifi. Mata da yawa sun je sun saba, har sun fi mazansu kama gari. Amma da shawararsu aka tafi. Ka zauna da ita, ba don ka sanar da ita ba, don ka ji. Ka tambaye ta kuma yadda take ganin tarbiyyar yara a garin da za su tashi da Faransanci da Turancin buroka a baki, Hausa sai in an dage da ita a cikin ɗaki.

Kiribi kuwa ka cire ta daga lissafi. Wurin kallo ce, ga rairayi ga ruwan Lobe da ke zubowa kai tsaye cikin teku. Sabuwar tasharta mai zurfi ta fara aiki a 2018, can ne kuma bututun man Cadi mai kilomita 1,070 yake ƙarewa, amma aikin da ke wurin na direbobin manyan motoci ne da makanikai da masu takarda. Ba a can za ka zauna ba, teku kuma ba ta biyan haya.

Sai abokinka. Ban san shi ba, ina kuma kyautata masa zato. Amma “zo mu haɗa ƙarfi” ba yarjejeniya ba ce. Rumfar da sunan wa take? Kai abokin tarayya ne, ko ma'aikaci, ko ɗan haya a kusurwar shago? In ka kawo keke, na wa ne ranar da kuka rabu? Wa ke biyan wuta da haraji da kuɗin yara masu taya aiki? Mai kawo ɗinki in ya zo don kai, kuɗin aljihun wa zai shiga? Ku zauna gaban dattawa biyu na unguwa ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu wanda zai ce maka rubutu rashin yarda ne. Zumunci da yawa ya mutu a Duwala a kan abin da aka bari a baki. Ka tambaye shi kuma, ba nawa yake samu a watan salla ba, nawa ya rage masa a watan Agusta bayan ya biya komai. Masu gida a can sukan nemi hayar watanni da dama a dunƙule, da kuɗin ajiya a kai, kafin su ba da makulli. Kuɗi na shigowa da yawa, suna kuma fita da gudu. Mafi ƙarancin albashi a kamfanoni tun 2023 sefa 60,000 ne, kuma da irinsa dubban magidanta suke fama a garin nan da kake gani kamar kowa mai kuɗi ne.

Na dawo kan Inna. Kada ka ɗauki shirunta a matsayin izini. Tsohuwa in ta amsa maka da karin magana, ta faɗi abin da ke ranta ne ta hanyar da ba za ta tauye ka ba. Ka auna nisan da kyau. Daga Duwala sai ka yi wajen kilomita 240 zuwa Yawunde, ka jira jirgin ƙasa na yamma, ka kwana a ciki kilomita sama da 600 zuwa Ngaundere, sannan ka hau mota ka gangara dutse ka yi kusan wasu 280 kafin ka ga gadar Binuwai. In komai ya tafi daidai, kwana da wuni ne. Jirgin sama yana zuwa, amma ba kullum aljihun tela ke iya masa ba, balle da gaggawa. Mu kuma ba ma ajiye gawa. Ina faɗin wannan ba don in yi wa Inna fatan wani abu ba, Allah Ya ja da ranta, sai don na ga yadda abin ke cin maza: a buga waya da asuba, kafin mutum ya kai Yawunde an dawo daga maƙabarta. Wannan yana cikin farashin tafiya, kuma gara ka san shi tun yanzu. Ka same ta ku biyu, ba a gaban yayanka ko matanku ba. Ka gaya mata watanni nawa za ka yi, yaushe za ka dawo, wa zai riƙa kai ta asibiti, nawa za ka riƙa turowa. Ka nemi ta sa maka albarka da bakinta. Ina kyautata zaton abin da ke tsorata ta ba tafiyarka ba ce, sayarwar ce, domin ita ce ke nuna ba ka da niyyar dawowa.

Ita ma ta gane abin da nake so ka gane. Kasonka a gidan nan ba kuɗi ne kawai ba. Shi ne ke sa in Duwala ta ƙi ka, ka dawo a matsayin ɗan gida, ba baƙon yayanka ba. Shi ne inda matarka da yaranka za su zauna ba haya yayin da kake gwaji. Keke yana tsufa, darajarsa na raguwa tun ranar da aka sauke shi daga kwali, fili a Garwa kuwa ba ya raguwa. Gari na faɗaɗa, ga jami'a an kafa a 2022. Kuma ciniki tsakanin wa da ƙane kan gidan da uwa ke ciki da ranta, da wuya ya ƙare ba tare da wani ya ji an ƙware shi ba. In buƙatar keken ce ta matsa, ka shiga adashi, ko ka yi haya a wurin mai shi kana biya a kan kowane wuya, ko ka fara da na hannu wanda aka yi amfani da shi.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. A shekarun nan babbar salla tana faɗowa gab da damina. Ka yi aikin sallarka a Garwa inda kake da masu kawo maka ɗinki, ka bar wa gida abincin wata huɗu, ka damƙa shagonka ga babban yaron aikinka don kada ƙofar ta rufe. Ka yi istihara, ka tafi kai kaɗai da almakashinka da tef. Ka zauna daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya fi yawa, kasuwa kuma ta fi sanyi. Ka sayi ɗan littafi kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace rana, har kuɗin babur da na shayi. In za ka duba ɗakin da iyali za su zauna nan gaba, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi, ka dubi gindin bango: inda ruwa ya taɓa kaiwa yana barin layi, ko an shafa fenti ana gani. Ka tambayi matan gidan, ba mai gidan ba. Kada ka sayi fili a wannan zuwan ko an yi maka araha, sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba baƙon abu ba ne a can, mai arahar kuma galibi fadama ce.

In Oktoba ta yi, ka buɗe littafin. In abin da ya rage maka a waɗannan watanni marasa kasuwa zai iya biyan hayar ɗaki biyu a wurin da ruwa ba ya shiga, da abincin mutum shida, da makaranta da magani, da kuɗin motar zuwa Garwa sau biyu a shekara, to ka ci gaba har ka ga Disamba da azumi, iyali su biyo ka a babban hutu don kada karatun yara ya katse. In bai kai ba, akwai hanyar da teloli da 'yan albasa da dama suke bi: iyali a gida, kai kana zuwa lokacin aiki kana dawowa. Ka rubuto mini bayan damina da abin da littafin ya nuna, da abin da likita ya ce game da yarinya, mu sake dubawa tare.